Tsirrai Masu Rumbun Ruwa a Ganye: Halittarsu da Yadda Ake Renonsu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin zabuwa ta tsiro a gindin dutse cikin daji, ko ya lura da alobera a tukunya a ƙofar wani gida, ya riga ya san irin tsirran da wannan lacca ta ƙunsa. Su ne tsirran da ganyayensu ke da kauri, cike da ruwa, waɗanda kuma ke fitowa daga cibiya ɗaya suna zagaye ta, kamar yadda ake ɗinkin faifai daga tsakiya zuwa baki. Abarba ma tana da irin wannan tsari, ko da yake ganyenta bai kai nasu kauri ba.

Waɗannan tsirrai sun yawaita a harabar ofisoshi da makarantu da gidajen ma'aikata, musamman a garuruwan da ruwan famfo ke wahala, domin an ji labarin jurewarsu ga fari. Amma abin mamaki shi ne, tsiron da kan yi wata da watanni a daji babu ɗigon ruwa bai mutu ba, sau da yawa shi ne kan ruɓe cikin mako uku a hannun mai ƙaunarsa. Dalili kuwa shi ne ana yi masa irin renon da ake yi wa tumatir da alayyafo, alhali halittarsa dabam take. Saboda haka za a fara da bayanin halittar tasu tukuna, sa'an nan a zo ga ƙa'idodin renonsu, domin kowace ƙa'ida daga halittar ta samo asali.

Ire-irensu da Asalinsu

Ba dangi ɗaya ba ne. Fari ne ya haɗa su kamanni, kamar yadda sana'a kan haɗa mutanen da ba su haɗa kaka ba.

Na farko su ne dangin da masana ilmin tsirrai ke kira Aloe, waɗanda suka haura iri 500, galibinsu a Afirka da Madagaska da yankin Larabawa. Alobera da aka fi sani, bincike ya nuna asalinta daga yankin Larabawa ne, inda ake kiran irin wannan tsiro sabir. Ƙasar Hausa ma tana da nata na gida, watau zabuwa ko zabo, wadda waɗansu ke kira kabar giwa. An ba ta sunan zabuwa ne saboda ɗige-ɗigen fari da ke jikin ganyenta. Likitan nan Dalziel ya rubuta waɗannan sunaye cikin ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916.

Na biyu su ne dangin Agave, 'yan asalin Meksiko da maƙwabtanta. Ganyensu ya fi tauri, yana da zare a ciki da ƙaya mai tsini a baki. A cikinsu ne ake samun sisal da ake igiya da buhu da shi.

Na uku su ne dangin Echeveria, su ma daga Meksiko da ƙasashen da ke kudu da ita, kimanin iri 150. An raɗa musu wannan suna a 1828 don tunawa da wani mai zanen tsirrai ɗan Meksiko, Atanasio Echeverría. Su ne ƙananan nan masu kama da buɗaɗɗen fure, shuɗi-shuɗi ko ja-ja, da masu sayar da furanni ke jerawa a ƙananan tukwane.

Akwai kuma Haworthia daga kudancin Afirka, ƙanana masu son inuwa, da Aeonium daga tsibiran Kanari, da Sempervivum daga duwatsun Turai masu sanyi. Ma'anar sunan wannan na ƙarshe da Latin ita ce mai rai kullum. Wajen shekara ta 800, wata doka ta Sarki Shalman game da gandayen sarauta ta umarci mai lambu ya dasa shi a kan rufin ɗakinsa, domin mutanen wancan zamani sun ɗauka yana kare gida daga tsawa.

Sanin asalin tsiro ba ado ba ne ga mai reno. Wanda ya fito daga hamadar Larabawa zai zauna lafiya a Sakkwato ko Damagaram, amma wanda ya saba da ƙanƙarar duwatsun Turai da wuya ya ga ƙarshen bazara a can.

Hikimar Zagayen Ganye

In aka duba tsiron daga sama, za a ga babu ganyen da ya hau kan ɗan'uwansa kai tsaye. A yawancinsu, kowane sabon ganye kan fito ne kimanin digiri 137 da rabi daga wanda ya riga shi, cikin digiri 360 na cikakken zagaye. Wannan tazara ita ke sa kowane ganye ya sami rabonsa na haske. Alobera tana ƙarama takan jera ganyenta layi biyu kamar mafici, sai ta girma ne zagayen ke bayyana. A duwatsun Lesoto kuwa akwai wani iri mai suna Aloe polyphylla da ke jera ganyensa layi biyar a murɗe, har mai kallo ya yi zaton da hannu aka shirya shi.

Wannan tsari yana da amfani uku. Na ɗaya, ganyayen sukan zama kamar mazurari, su tattara yayyafi da raɓa su gangarar da su zuwa gindi. Na biyu, suna yi wa ƙasar da ke ƙarƙashinsu inuwa, saboda haka danshi kan daɗe a wurin saiwa. Na uku, cibiyar da sabon toho ke fitowa tana ɓoye a tsakiya, tsofaffin ganyaye sun kare ta daga rana da iska da bakin dabba.

Cikin ganyen kuwa rumbu ne. Farin ɓargon da ke cikin ganyen alobera kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne. Fatar ganyen tana da kauri, an shafe ta da wani abu mai kama da kakin zuma don kada ruwan ya tsere. Idan fari ya tsananta, tsiron yakan janye ruwa daga tsofaffin ganyayen da ke ƙasa ya ba na tsakiya. Don haka ganin ganye ɗaya ko biyu na ƙasa sun bushe ba alamar ciwo ba ce, tsiron ne ke cin ajiyarsa. Zabuwar daji ma ta wuce nan: da rani ganyenta kan bushe, ta koma cikin kumburarren gindinta a ƙasa, ta jira ruwan farko.

Numfashin Dare

Babban sirrin waɗannan tsirrai yana ga yadda suke numfashi. Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon ke shiga, wadda tsiro ke haɗawa da ruwa da hasken rana ya yi abincinsa. Gero da gyaɗa da yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙofofin nan, kuma ta nan ne ruwa mai yawa ke fita, shi ya sa sukan yi yaushi da tsakar rana.

Masu rumbun ruwa sun juya al'amarin. Da rana ƙofofinsu a rufe suke. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, su buɗe su ɗebi iskar kabon, su mayar da ita wani ruwa mai tsami su ajiye cikin ganye. Gari na wayewa su rufe, su warware tsamin nan, su yi abinci da shi cikin hasken rana. Wani likita mai suna Benjamin Heyne, wanda ya yi aiki a Indiya, ya lura cewa ganyen wani tsiro mai irin wannan hali yana da tsami ƙwarai da safe, amma kafin la'asar tsamin ya gushe. An buga bayaninsa a 1815, shekaru masu yawa kafin a gane dalilin. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ta wannan hanya, ruwan da suke ɓatawa wajen yin abinci sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wanda sauran tsirrai ke ɓatawa ba. Amma dabarar tana da farashinta. Abin da ganye zai iya ajiyewa cikin dare ɗaya kaɗan ne, saboda haka girmansu a hankali yake. Mai reno da ya ƙosa, ya dinga ƙara ruwa da taki don tsiron ya yi sauri, ba zai sami saurin ba, sai dai ya sami ruɓa.

Ƙasa da Tukunya

Saiwar waɗannan tsirrai ba ta nitsewa can ƙasa. Takan bazu ne kusa da sama don ta kama ɗan ruwan da ya sauka kafin ya ƙafe, kuma tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. In ta kwana biyu ko uku cikin caɓi, sai ta shaƙe, ƙwayoyin cuta su shige ta. Don haka ƙasar fadama da laka ba su dace da su ba ko kaɗan.

Haɗin da ya dace shi ne kashi biyu na yashi mai gautsi da ƙananan tsakuwa ko burji, da kashi ɗaya na ƙasar jigawa da aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen taki. A guji lallausan rairayi, domin in ya jiƙa yakan danƙare. Dakakken gawayi ko fasassun katangar tukunya suna ƙara wa haɗin iska. Gwajinsa mai sauƙi ne: a jiƙa shi, a dunƙule a hannu, a buɗe. In ya wargaje ya yi, in kuwa ya tsaya kamar curin fura to a ƙara tsakuwa.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba da gwangwani, domin tana tsatsafo kamar randa, ƙasar cikinta ta bushe da wuri, saiwa kuma ta sami sanyi. Lalle ne a huda gindinta. Kada tukunyar ta fi tsiron girma da yawa, gama ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan riƙe ruwa a banza. Wajen dasawa, a bar wuyan tsiron daidai da fuskar ƙasa, kada a binne ganye, sa'an nan a zuba tsakuwa a kewaye da wuyan. In a fili za a dasa, kamar harabar ofis ko makaranta, a yi masa tudu ko kunya, a nisanta shi daga bakin indararo da duk inda ruwa ke kwanciya.

Ban Ruwa Bisa Lokutan Shekara

Ƙa'idar ban ruwa guda ce: a ba shi ya ƙoshi har ruwa ya fito ta hudar tukunya, sa'an nan a ƙyale shi sai ƙasar ta bushe sarai. Yayyafa ɗan ruwa kullum safiya shi ne mafi munin abin da za a yi masa, domin sama ba ta bushewa, ƙasa kuma ba ta jiƙa. Hanyar sanin lokaci ita ce a soka tsinke har gindin tukunya. In ya fito da danshi a dakata. Ganyen ma yana ba da labari: mai ƙishirwa yakan yi tamoji ya sirance, wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa yakan yi rawaya, ya yi laushi, ya faɗi da an taɓa shi. Na farko yakan farfaɗo cikin 'yan kwanaki in ya sha, na biyu kuwa sau da yawa an makara. A gindi ake zuba ruwan, kada ya kwanta cikin cibiya.

A ƙasar Hausa kowane lokaci da nasa hukunci. Da damina, musamman watan Agusta da ruwa ke jerawa kwana da kwanaki, hatsarin ya fi yawa. Ya kamata a janye tukwane zuwa ƙarƙashin baranda ko rumfa inda haske ke shiga amma ruwa ba ya dukansu. Da kaka tsirran kan yi girma sosai, kuma lokacin ne ya fi dacewa da dashe da ɗan taki. Da hunturu iska takan bushe, dare ya yi sanyi, ƙura kuma ta rufe ganye, sai a rage ruwa, a riƙa share manyan ganyaye da ɗanyen tsumma. Da bazara kuwa, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri, dare ma ba ya sanyi, numfashin daren ba ya tafiya yadda ya kamata, waɗansu tsirran sukan tsayar da girma. Mai reno yakan ga zafin ya tausaya musu ya tuttula ruwa da tsakar rana, sai saiwa ta dahu cikin tukunya. Abin da suke bukata a lokacin shi ne inuwa, da ruwa jefi-jefi da yamma lis ko da sassafe.

Haske

Dukkansu masu son haske ne, amma ba daidai ba. Agave da manyan Aloe suna ɗaukar rana tun daga safe har yamma. Echeveria tana son hantsi, a kare ta daga ranar azahar. Haworthia kuwa a daji ma ƙarƙashin ƙananan itatuwa da tsakanin duwatsu take zama, saboda haka ita ta fi dacewa da bakin taga. Wurare masu tudu kamar Jos, wanda ya haura mita 1,200 bisa teku, sun fi sauƙi ga ire-iren da ba sa son zafi.

In haske ya yi ƙaranci, kamar a kan teburin ofis, tsiron yakan miƙe yana neman rana, ganyayensa su rarrabu, launinsa ya koɗe, zagayen ya lalace. Wanda ya miƙe ba ya komawa, sai dai a yanke kan a sake dasawa. In kuma aka fitar da tsiron da ya saba da ɗaki cikin rana farat ɗaya, yakan ƙone, tabon kuwa ba ya gogewa. A riƙa ƙara masa rana kaɗan-kaɗan cikin mako biyu. Alobera da ta koma ja-ja saboda rana ba ciwo take ba, kariya ce ta yi wa kanta. Haka kuma farin garin da ke kan ganyen Echeveria kariya ne daga rana, in aka goge shi da yatsa ba ya dawowa a wannan ganyen.

Yadda Ake Yaɗa Su

Hanya mafi sauƙi ita ce ta 'ya'yan da ke fitowa a gindin uwa. In ɗa ya yi ganye huɗu ko biyar, kuma ya yi tasa saiwar, sai a raba shi da wuƙa mai tsabta. Abin da yawancin mutane ke mantawa shi ne a ajiye shi a inuwa kwana uku zuwa bakwai, bakin yankan ya bushe, kafin a dasa. Bayan dasawa ma a jira kamar mako guda kafin ban ruwa. Ɗanyen rauni cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ƙofa ce ga ruɓa.

Echeveria tana yaɗuwa ta ganye. A murɗe lafiyayyen ganye ya fita ɗungum daga kara, a kwantar da shi a kan busasshiyar ƙasa a inuwa, bayan 'yan makonni saiwa da ɗan ƙaramin tsiro su fito a gindinsa. Alobera ba ta yin haka, ganyenta in an binne ruɓewa yake yi.

Yawancin Agave sau ɗaya suke fure a rayuwarsu. Bayan shekara goma, ko ashirin, ko fiye, tsiron yakan fitar da dogon kara mai tsawon mita da yawa, ya yi fure, sa'an nan ya mutu, ya bar 'ya'ya a gindi. Sisal har a kan karan furen yakan haifi ƙananan 'ya'ya. Tarihin sisal a Afirka ta Gabas ya nuna ƙarfin wannan hanya. A 1893 wani Bajamushe masanin aikin gona, Richard Hindorf, ya sa aka kawo tsirran daga Filorida ta Amurka zuwa ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, guda 62 kacal suka isa da rai. Daga waɗannan ne gandayen ƙasar suka yaɗu, har a 1964 ta samar da zaren sisal fiye da tan 200,000, kafin zaren roba ya karya kasuwar.

Cuta da Ƙwari

Babbar cutarsu ita ce ruɓewar gindi, an kuma riga an faɗi sababinta. In an lura da wuri, a tumɓuke tsiron, a yanke duk inda ya yi baƙi har a kai ga lafiyayyen nama, a shanya a inuwa, a sake dasawa cikin sabuwar ƙasa. Daga cikin ƙwari, wanda ya fi damunsu shi ne wani ɗan farin ƙwaro mai kama da ɓarɓashin auduga, wanda ke ɓuya a tsakanin ganyaye yana tsotsar ruwansu. Yawan zirga-zirgar tururuwa a kan tsiro alama ce tasa, domin suna bin zaƙin da yake fitarwa. Ana goge shi da auduga da aka tsoma cikin sifirit, ko a fesa ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma. Sabon tsiron da aka sayo a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da sauran, rigakafi ya fi magani.

Amfani da Hattara

An daɗe ana shafa farin ɓargon alobera a kan ƙaramar ƙuna da kaikayin fata. Amma tsakanin fatar ganye da ɓargon akwai wani ruwa rawaya mai ɗaci, wanda ke sa zawo mai tsanani. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi cikin magungunan wankin ciki da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Mata masu ciki da yara da masu ciwon ƙoda su nisanci shan sa. Ruwan ganyen Agave kuma yana sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, ƙayarsa tana da hatsari ga ido, saboda haka kada a dasa shi a bakin hanya ko filin wasan yara.

Akwai kuma hatsarin da mutane ke jawo wa tsirran kansu. Sha'awarsu ta sa ana tumɓuke su daga daji ana sayarwa, alhali tsiron da ya ɗauki shekaru yana girma ba ya maye gurbinsa da wuri. Yarjejeniyar cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ta sa ido a kan cinikin dangin Aloe tsakanin ƙasashe, ban da alobera da ake nomawa. Aloe polyphylla na Lesoto yana cikin waɗanda aka fi tsananta wa tsaro. A jihar Kalifoniya ma, satar wani dangi mai suna Dudleya daga duwatsun bakin teku ta yi yawa har aka kafa doka ta musamman a kanta a 2021. Darasin ya shafi zabuwar gida: mai bukatarta ya ɗauki ɗa ko iri, ya bar uwa a inda ya same ta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa renon waɗannan tsirrai ya rataya ne a kan abubuwa huɗu: ƙasa mai saurin tsanewa, tukunya mai huda, haske gwargwadon asalin tsiro, da ruwan da ake bayarwa bayan ƙasa ta bushe. Ga makarantu da ma'aikatun da ke son ƙawata harabarsu ba tare da dogaro da tankar ruwa ba, zai fi kyau a fara da alobera da zabuwa da Agave, waɗanda suka dace da zafin ƙasar, a bar ire-iren ƙasashen sanyi ga wanda ya ƙware. Ga ɗalibai kuma akwai aiki a buɗe, na tattara sunayen da jama'a ke kiran waɗannan tsirrai a kowane yanki, da wuraren da suke tsirowa, da yadda ake amfani da su, domin abin da aka rubuta shi ne zai taimaka wajen kiyaye su.